Hatimi ba ya tada jirgi sama

Malamai ƴan uwana, da ku iyayen yara, akwai wata kalma ta Faransanci da ke yi mana ɓarna a cikin kai, kalmar ita ce birebe. A wurinmu birebe ita ce takardar da yaro ke samu bayan shekara huɗu a kwalej, bayan ya zauna jarrabawa, an gyara takardunsa, an ƙirga maki, an kira sunansa. Wanda ya ci birebe an gwada shi ke nan. To ga shi kalmar nan ɗaya ce Faransawa ke amfani da ita wajen takardar mallakar ƙirƙira. Shi ya sa da an ce wata na'ura tana da birebe, sai kunnenmu ya ji kamar an ce ta zauna jarrabawa ta ci. Alhali ba ta zauna ba. A mafi yawan lokuta babu wanda ya kunna ta, babu ma wanda ya gan ta da ido.

Abin da ya tada mini maganar shi ne irin hotunan bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp da TikTok, har cikin gurup ɗin malamai. Za ka ga wani abu mai kusurwa uku, an haɗa shi da ƴan sanduna marasa nauyi, da takardar alminiyom, da siririyar waya a sama. Sai ya yi wani ɗan tsaki ya tashi daga kan teburi, ba farfela, ba mai, ba hayaƙi. Sai mai magana ya ce wannan shi ne jirgin saman gobe, wuta ma daga ƙasa za a riƙa aiko masa ta iska ba da waya ba, kuma duk mai shakka ya je ya duba, abin yana da birebe a Amurka. Daga nan sai muhawara ta mutu. Malamin da ke koyar da fizik tun shekara goma sha biyar, wanda ba ya yarda ɗalibi ya rubuta amsa ba tare da ya nuna lissafi ba, shi ne zai tura wa na gaba ya ƙara da "Allah mai iko". Allah mai iko ne, babu ja. Amma hatimin wani ofis a Amurka ba aya ba ce.

Ra'ayina a fili yake. Tunanin nan na jirgin da tsayayyar wutar lantarki ke ɗagawa, a kuma aiko masa wuta daga nesa, bai cancanci a ba kowa takardar mallakarsa ba. Kuma ko an ba wani, takardar ba ta tabbatar da cewa jirgin zai ɗauki ko akuya ba.

Mu fara da abin da ido ke gani, don abin yana tashi da gaske, ba dabo ba ne. Ana saka wa siririyar wayar nan wuta mai ƙarfin bolt dubu ashirin, dubu talatin ko fiye. A kewayen wayar ƙwayoyin iska suna rasa elektaron, su zama masu caji, abin da muke kira iyon a aji. Takardar alminiyom da ke ƙasa tana jawo su. A kan hanya suna cin karo da sauran ƙwayoyin iska, karo bayan karo, suna tura su ƙasa. Iska ta yi ƙasa, abin ya yi sama. Dokar Newton ta uku ce, wadda muke rubutawa a allo kowace shekara. Farfelar helikofta ma aikin da take yi ke nan, ita da fuka-fuki, wannan da caji. Idan ka sa tafin hannu a ƙasa, daga nesa, za ka ji iskar. An san da wannan iska tun 1709, lokacin da Francis Hauksbee ya bayyana ta a Ingila.

Abin da mai ɗaukar hoton ba ya so ka lura da shi shi ne wayoyi biyu sirara da ke bin abin a baya. Su ke kawo wuta daga wani akwati da ke ajiye a ƙasa, wanda ya fi abin da ya tashi nauyi sau ɗaruruwa. Abin da ya tashi giram kaɗan ne. Ka ɗora masa akwatinsa ka ga inda zai je.

Wani Ba'amurke, Thomas Townsend Brown, shi ne ya fi kowa yayata abin. Ya samu takardar mallaka a Ingila a 1928, ya samu wata a Amurka a 1960. Shi a ganinsa ya gano alaƙa tsakanin lantarki da ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa, wato na'urarsa tana rage nauyi. Har yau masu labarin faifan sama na baƙin halittu da sunansa suke rantsuwa. Gwajin da ke raba gardama kuwa mai sauƙin fahimta ne: a sa na'urar cikin akwati a zuƙe iskar. In nauyi take ragewa za ta ci gaba da tashi. An yi hakan, kuma da iska ta ƙare sai ƙarfin ya ƙare. Martin Tajmar ya wallafa bincike a 2004 inda ya nuna iskar iyon ce aka yi wa mummunar fahimta. Brown yana da takardunsa masu hatimi, kuma bayaninsa kuskure ne. Duka biyun gaskiya ne a lokaci guda, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa malami ya yi hattara. Bayansa Alexander de Seversky, injiniyan jiragen sama ɗan asalin Rasha, ya samu tasa takardar a 1964 kan jirgin iyon, aka buga hotuna a mujallu, aka yi alkawarin jiragen fasinja marasa ƙara. Shekara sittin ke nan ana jira.

Ɓangare na biyu, aiko wuta ta iska, shi ma tsohon labari ne. Nikola Tesla ya gina hasumiyarsa ta Wardenclyffe daga 1901 da wannan buri, kuɗi suka ƙare, aka rushe ta a 1917. Wanda ya yi abin a aikace wani Brown ne daban, William C. Brown na kamfanin Raytheon. A 1964 ya tada ƙaramar helikofta da igiyoyin mikro-ond, irin waɗanda ke ɗumama abinci, wata eriya a jikinta tana mayar da su wutar lantarki. Helikoftar tana ɗaure da wayoyin da ke tsare ta a cikin hasken, ta yi awa 10 a sama. A 1975, a Goldstone ta jihar Kaliforniya, an karɓi kilowat 34 daga tazarar kilomita ɗaya da rabi. A 1987 Kanada ta tashi ƙaramin jirgi mai fuka-fuki da irin wannan wuta. A 2003 NASA ta yi da hasken leza.

Yanzu mu ɗauki alli. Gwaji mafi nagarta da aka yi a bainar jama'a shi ne na Steven Barrett da abokan aikinsa a jami'ar MIT, wanda mujallar Nature ta buga a Nuwamba 2018. Jirginsu faɗin fuka-fukinsa mita 5, nauyinsa kilo 2.45, yana ɗauke da batirinsa, yana aiki da bolt dubu 40. Ya yi tafiyar kusan mita 60 a cikin zauren wasanni. Aiki ne na gaske, na cire musu hula. Amma ku dubi lambobin. Nauyin kilo 2.45 kusan newton 24 ne. Ƙarfin turawar da injin ya bayar kusan newton 3 ne, kashi ɗaya cikin takwas na nauyin. Fuka-fuki ne suka ɗauki jirgin, kamar kowane jirgi, iskar iyon tura shi gaba kawai ta yi. Da an ce ya tashi tsaye kamar na cikin bidiyo, da ko motsi bai yi ba.

Injin nan ya ba da kusan newton 5 a kowane kilowat. Mu ce muna son ɗaga kilo 100 tsaye, wato yaro ɗaya da kujerarsa da duk ƙarafan jirgin. Newton 980 ke nan. Raba da 5: kusan kilowat 200. Sau shida na abin da aka karɓa a Goldstone, inda eriyar karɓar take kafe a kan hasumiya, ba ta tashi ko'ina. Mu yi wa mai ƙirƙirar alheri mu ba shi eriya mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15, murabba'in mita 300, mu kuma yi kamar ba ta da nauyi. Kowane murabba'in mita sai ya karɓi wat fiye da 650, tun ba a ƙirga asarar hanya ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta abin da jikin mutumin gari zai jure daga irin waɗannan igiyoyi wat 10 ne a murabba'in mita. Sau sittin da ɗoriya ke nan, kuma fasinjan yana zaune tsakiyar hasken, ga tsuntsaye, ga duk wanda hasken ya kauce ya faɗa a kansa. An taɓa auna fiye da newton 5 a kilowat a kan teburin gwaji, gaskiya ne, sai dai da zarar ka matsa wa injin ya ba da ƙarfi mai yawa daga ƙaramin fili, ribar sai ta faɗi. Ka ƙara bolt kuma iska ta tsage da tartsatsi, don busasshiyar iska ba ta jure fiye da kusan bolt dubu 30 a santimita. Ban ma kawo maganar ƙurar hunturu ba. Waya mai caji da faranti mai jawowa, ai da su ake tace ƙura a bututun hayaƙin masana'antu tun farkon ƙarni na 20. Ku ƙiyasta irin wannan jirgi a sararin Damagaram cikin watan Janairu.

Wannan lissafi ɗan lise zai yi shi cikin minti goma. Shi ne abin da ya kamata a tura a gurup.

To me takardar mallaka take nufi? Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai ka bayyana sirrinka a rubuce kowa ya karanta, hukuma ta ba ka ikon hana wasu ƙerawa ko sayar da abin har shekara 20. Iko ne na hanawa, kamar shingen gona. Shinge ba ya shaida cewa gonar ta yi hatsi. Sharuɗɗan uku ne, kuma haka suke a yarjejeniyar Bangi ta 1977 da ƙasarmu ke ƙarƙashinta: abin ya zama sabo, ya zama akwai basirar da ba kowane ma'abocin sana'ar zai hango ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi.

Ku aza jirgin namu a kan waɗannan uku. Sabo? Takardun Brown da na Seversky sun mutu tun tuni, a lokacinsu shekara 17 ce wa'adi a Amurka, abin da ke cikinsu ya zama na kowa, kamar rijiyar gari. Helikoftar 1964 an nuna ta a telebijin. Basira? A nan mai nema zai ce ai shi haɗa biyun ya yi, babu wanda ya haɗa su kafinsa. Amma duk wanda ya ga abin yana tashi da waya a bayansa, tunanin farko da zai zo masa shi ne a cire wayar a aiko wutar ta iska. Ɗan aji shida ma zai faɗa. Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a 2007, a shari'ar KSR da Teleflex kan totur ɗin mota, cewa haɗa sanannun abubuwa kowanne yana yin aikin da aka san shi da shi, a samu sakamakon da kowa ke tsammani, galibi ba ƙirƙira ba ce. Wanda ya ɗaura fitila a kan amalanke bai ƙirƙiro mota ba. Sharaɗi na uku kuwa tarko ne mai baki biyu. In mai nema ya ce iskar iyon ce ke ɗaga jirginsa, ya faɗi gaskiya amma tsohuwa ce. In ya ce nauyi yake sokewa, ya faɗi sabon abu amma ba ya aiki.

Akwai kuma iyakar da ta fi waɗannan tsufa: ba a mallakar dokar halitta. Samuel Morse, mai wayar tangaraho, ya nemi a ba shi duk wata hanyar amfani da lantarki wajen rubuta haruffa daga nesa, ko da wace na'ura ce. Kotun Ƙoli ta ƙi a 1854. Ta bar masa na'urarsa, ta hana shi lantarkin. Yarjejeniyar Bangi ma ta fitar da gano abin da ke cikin halitta da ka'idojin kimiyya daga abin da ake mallaka. Caji yana tura iska tun kafin a haifi kakan kakan mai nema.

Za a ce mini, to in haka ne me ya sa ake ba da takardun? Saboda mai dubawa mutum ne a gaban tarin takardu. Ofishin Amurka yana fitar da fiye da dubu 300 a shekara, kuma tun 1880 ya daina neman a kawo samfurin na'ura, sai a irin da'awar injin da ke juyawa har abada ba tare da an ba shi komai ba. Wani lokaci suna tsayawa da kyau. Joseph Newman ya kawo injin da ya ce yana fitar da wuta fiye da wadda yake ci, suka ƙi, ya kai ƙara, kotu ta sa hukumar awo ta ƙasa ta gwada a 1986, aka samu abin da ke fita bai kai abin da ke shiga ba. Makarantar kimiyya ta Faransa ma tun 1775 ta daina karɓar irin waɗannan. Amma raga tana da ƙofofi. A 2001 wani lauya a Ostireliya, John Keogh, ya yi rajistar ƙafar amalanke, wato da'irar nan mai juyawa, da sunan na'urar sauƙaƙa sufuri mai siffar zobe, don ya nuna sabon tsarin ƙasarsu ba ya dubawa. A 2002 Amurka ta ba wani yaro takarda kan hanyar yin lilo gefe da gefe, sai daga baya aka soke. A 2005 ta ba Boris Volfson takarda kan kumbon da ke yaƙi da nauyi, masana fizik suka yi ta dariya. A 2018 sojan ruwan Amurka ya samu takarda da sunan Salvatore Pais kan jirgi mai rage nauyin kansa. Mai dubawa ya fara ƙi, sai wasiƙa ta zo daga wani babban jami'in rundunar, aka bayar. Har yau ba a nuna wa duniya jirgin ba.

Wani kuma zai kawo mini ƴan uwan nan biyu, Wright, ya ce su ma an yi musu dariya. A karanta takardarsu ta 1906. Ba tashi sama suka mallaka ba. Hanyar murɗa fuka-fuki da sarrafa jela suka bayyana, igiya igiya, kuma sun riga sun gwada ta sau ɗaruruwa a 1902 da jirgi marar inji kafin su kai takarda ofis. Gwaji ne ya riga hatimi. Duk da haka shari'o'in da suka yi ta yi da Glenn Curtiss sun dabaibaye masu ƙera jirage a Amurka, har gwamnati ta sa aka haɗa takardun wuri ɗaya a 1917 saboda yaƙi. In takarda mai tushe ta yi wannan, ina ga wadda ta yi faɗi ba ta da komai a ƙasa? Irin wannan aikinta biyu ne: tsorata ƙaramin mai bincike na gaske, da buɗe aljihun wanda bai iya lissafi ba.

Ban ce babu abin mallaka a fannin ba. Abin da ya sa jirgin MIT ya tashi shi ne na'urar da ke ɗaga wutar batir zuwa bolt dubu 40 ba tare da ta yi nauyi ba. Wanda ya ƙera irin wannan, ko eriya marar nauyi, ko wata siffar waya da aka auna aka ga ta fi ta da, ya nemi takardarsa, halaliyarsa ce. Sai dai ta tsaya kan abin da ya ƙera, da awonsa da zanensa.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Kowace shekara muna da yara masu hannu, masu haɗa fanka da injin tsohuwar rediyo, masu ƙera jirgin kwali. Da hotonsu ya fita sai masu ba da shawara su taso, a yi maza a nema masa birebe kafin Turawa su sace. Na ga uban da ya fara maganar sayar da raguna saboda wani ya ce zai bi masa hanya. Iyaye, ku san waɗannan kafin ku kwance ko akuya. Takardar ƙasarmu daga OAPI take fitowa, mai hedikwata a Yawunde, kuma tana aiki a ƙasashe 17 ne kawai. Najeriya ba ta ciki, don haka wanda ya kwaikwayi abin a Kano ko Katsina takardar ba ta taɓa shi, kamar yadda takardar Amurka ba ta da iko a kasuwar Maraɗi. Kuɗin ajiyewa da na bugawa jikkuna ne ɗaruruwa, kuma kowace shekara sai an biya na rayar da ita, in an daina ta mutu. In wani ya keta, kai za ka ɗauki lauya. Abin da aka riga aka baza a Facebook kafin a kai takarda yana iya rasa sabuntarsa. Kuma jirgin kwalin da yaro ya kwaikwaya daga intanet, komai kyansa, sharaɗin farko ma ba zai wuce ba. Ga ƙananan gyare-gyaren kayan aiki akwai wata takarda mai sauƙi ta shekara 10 a OAPI ɗin, ita ta fi dacewa da maƙeri da mai walda. Ragunan nan in an sayar, gara a saya wa yaron na'urar auna wuta da ƙarfen haɗa waya.

Mu kuma malamai, akwai masu sha'awar haɗa abin nan a aji don burge yara, da tiransifoman tsohuwar telebijin. Ban yarda ba. Bolt dubu talatin a aji mai yara tamanin, ƙasa da yashi, waya a tsirara, kwandansatan da ke riƙe caji bayan an kashe, ga iskar ozon mai ƙona maƙogwaro a ɗakin da tagoginsa a rufe suke saboda ƙura. Darasin ba ya bukatar wannan. A nuna musu bidiyon a salula, a tsayar da shi daidai inda wayoyin biyu suka bayyana, a tambaye su ina suka nufa. Sannan a rubuta a allo kilo 2.45, newton 3, newton 5 a kilowat, a ce su nemo kilowat nawa zai ɗaga direktan makaranta da jakarsa.